Kurakuran da sabbin kafintoci ke ta maimaitawa a aikin ƙofar ado

Wallahi na gaji da ganin yaran shago suna ɓata katako mai tsada a aikin ƙofar zaure da mumbarin masallaci, kuma kuskuren farko ɗaya ne kullum, ɗanyen katako. Yawancin katakon da muke saye a 'yan katako na Na'ibawa a Kano daga kudu ake kawo shi, can kuwa ƙasar laima ce, yana zuwa da ruwansa a ciki ko da ka taɓa ka ji kamar ya bushe. Kai kuma ka sauke shi yau, gobe ka sa masa zarto saboda mai aiki na matsa maka. Iskar hunturu na kaɗawa a Disamba sai ya tsuke ya murɗe, zanen dagin da ka yi kwana da kwanaki kana sassaƙawa ya tsage ta tsakiya. Ƙofa mai ganye biyu ta wani gida a wajen Ringim haka ta yi min, da kuɗina na sake ta. Ni yanzu madaci ko iroko sai na jera shi a inuwa, na sa ƴan sanduna tsakanin kowane falanki iska ta ratsa, ya ga hunturu guda tukuna. Kar ka shanya a rana, bakinsa zai fashe.

Na biyu, ku daina danne allon tsakiyar ƙofa da gam da kusa ta ko'ina! Katako ta faɗinsa yake motsi, tsawonsa kusan ba ya canjawa, da damina ya kumbura da rani ya koma. Ka yi masa kwari a jikin firam ya zauna a ciki sakayau, ka bar masa ɗan fili kamar milimita 3 kowane gefe. Haba ɗan'uwa, ogan da ya koya maka bai nuna maka wannan ba?

Ƙofa mai kan baka kuwa, kar ka yanko bakan daga falanki ɗaya mai faɗi, inda jijiyar katakon ta gajarce nan zai karye. Gunduwa uku ko huɗu nake haɗawa. Kuma ka je gidan da kanka ka zana ramin ƙofar a jikin kwali, ginin ƙasa ba ya zuwa daidai da tef, awon da magini ya karanto maka a waya bar shi a wayar.

Ita ma gara mai cin katako kar a raina ta, ƙasan firam da duk inda zai taɓa bango a shafe shi da Solignum, maganin gara na katako, kafin a kafa, wasu baƙin mai suke sawa amma ni ba na so don yana hana fenti kamawa. Banish, man da ke sa katako ƙyalli, a shafa gaba da baya har saman ƙofa da gindinta. Kirya da marke in za ka buga musu kusa fara huda rami, in ba haka ba kusar ta lanƙwashe ko katakon ya dare.