Yadda Za Ka Bi Sawun Injin Niƙa Mai Aiki da Iska da Ya Ɓace a Ƙaramin Gari a Ingila

A ƙananan garuruwan Ingila da dama za ka ga titi mai suna Mill Lane (titin injin niƙa), ko tudun da ake kira Windmill Hill (tudun injin niƙa mai aiki da iska), amma ka duba gabas ka duba yamma, babu injin babu dalilinsa. Da can yana nan: dogon gini mai fikafikai huɗu, iska na juya su, su kuma suna juya duwatsun da ke niƙa wa mutanen gari alkama da sha'ir. Dubbai ne a ƙarni na 19, yau kuwa kaɗan suka rage a tsaye. Ina yawan bin irin wannan sawu, kuma shawarata ta farko ita ce ka fara daga ƙarshen injin ka riƙa komawa baya, domin takardun baya-bayan nan sun fi yawa kuma sun fi tabbas.

Fara da taswirorin Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, musamman masu ma'aunin inci 25 a kowane mil. Ɗakin Karatu na Ƙasa na Scotland ya sa su a intanet kyauta, har da na Ingila, kuma kana iya ɗora tsohuwar taswira a kan hoton tauraron ɗan adam na yau ka ga daidai inda ginin ya tsaya. Idan bugu ɗaya ya rubuta Windmill da kalmar Corn (hatsi) a gefe, na gaba ya ce Disused (an daina amfani da shi), na uku kuma ya nuna fili fayau, to ka san tsakanin waɗanne shekaru aka daina niƙa, da tsakanin waɗanne aka rushe.

Daga nan sai taswirar ushirin coci. A 1836 aka yi dokar da ta mayar da ushirin amfanin gona da ake ba coci ya koma kuɗi, saboda haka aka auna filaye aka ba kowanne lamba. Taswirar na tafe da littafi, kuma littafin ne nake so ka buɗe a tsanake. A gaban kowace lamba akwai sunan mai fili, sunan wanda ke amfani da shi, sunan filin da girmansa. Sau da yawa za ka tarar mai injin daban, mai niƙan daban, domin haya yake yi. Rubuta sunayen biyu. Ana samun waɗannan takardu a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew da ma'adanun gundumomi. Ba kowane gari aka zana ba, inda babu sai ka nemi taswirar rabon filayen noma.

Da suna a hannunka aiki ya yi sauƙi. Ƙidayar jama'a ta 1841 ita ce ta farko da ta kawo sunan kowa, amma kada ka dogara da shekarun da ke ciki, don an rage na manya zuwa biyar-biyar. Ta 1851 ta fi amfani, tana faɗin inda aka haifi mutum. Dubi garuruwan da aka haifi 'ya'yan mai niƙa ɗaya bayan ɗaya, za su nuna maka inda ya yi aiki kafin ya iso. Littattafan sunayen 'yan kasuwa irin su Pigot da Kelly za su cike maka giɓin da ke tsakanin ƙidaya da ƙidaya.

Wurin da na fi daɗewa shi ne tsofaffin jaridu, waɗanda ake bincikawa a shafin intanet na British Newspaper Archive. Sanarwar gwanjo ɗaya tak tana iya siffanta maka ginin da ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa, tunda mai sayarwa ba ya barin abin yabo a baya. Zai faɗi hawa nawa ne, duwatsu tagwaye nawa ke ciki, da irin fikafikansa. Idan ya ce fikafikan irin na William Cubitt ne, masu daidaita kansu da ƙarfin iska, ka san ba a ɗora su kafin 1807 ba. Idan ya ambaci ƙaramar fanka a bayan rufin da ke juya injin ya fuskanci iska da kansa, wannan dabarar Edmund Lee ce ta 1745. Duwatsun ma suna da labari: na Faransa don garin alkama mai laushi ne, na tsaunukan Derbyshire kuwa an fi niƙa sha'ir da abincin dabbobi da su. Jaridar gwamnati London Gazette tana buga sunayen waɗanda suka karye, kuma masu niƙa ba su yi ƙaranci a ciki ba. Rajistar kamfanin inshorar gobara na Sun, wanda aka kafa a 1710, tana nuna ko ginin katako ne ko bulo.

A nan ne mutane suka fi zamewa, suna haɗa inji biyu ko uku su mayar da su ɗaya. Tsawa na faɗa wa waɗannan gine-gine, guguwa na kayar da su, kuma idan iska ta fi ƙarfin birki gugar katako kan tayar da wuta. Sai a sake gina wani a kan tudun, sunan wuri bai canza ba. Akwai kuma mai zama a kan turke guda, wanda dukan jikinsa ke juyawa, shi ana iya ɗauke shi ɗungurungum. Injin da ake kira Jill a Clayton daga Brighton aka jawo shi a 1852. Don haka idan takardar 1790 ta ce katako, ta 1860 ta ce hasumiyar bulo, gini biyu kake karantawa. Haka nan idan wani ya ce maka injin garinsu na cikin kundin Domesday na 1086, wato tsohon lissafin filaye da kadarorin Ingila, ba na iska ba ne. Ambaton na iska mafi daɗewa da aka amince da shi a Ingila na 1185 ne, a Weedley ta Yorkshire.

Bayan takarda sai ƙafa. Nemi izinin mai fili tukuna. Abin da kake nema ɗan tudu ne mai zagaye, wani lokaci da alamar gicciye a tsakiya inda katakan ƙasan turken suka kwanta. Hotunan laser na hukumar muhalli ta Ingila kan fito da shi ko ciyawa ta rufe. Leƙa gidajen da ke kusa, domin duwatsun niƙa ba sa nisa saboda nauyi. Za ka iya samun ɗaya a matsayin matakalar ƙofa, faɗinsa kamar ƙafa huɗu, da rami a tsakiya da tsagogi masu fita zuwa baki. Idan guntu-guntu ne aka haɗa aka ɗaure da zoben ƙarfe, na Faransa ne. Idan falle ɗaya ne, mai yiwuwa na Derbyshire ne.

Dalilin mutuwar injin kusan ɗaya ne ko'ina, amma ka nemi yadda ya faru a naka garin. An soke dokokin kare hatsin gida a 1846, daga baya alkamar Amurka ta cika kasuwa, sannan a shekarun 1880 manyan masana'antu masu niƙa da gangunan ƙarfe suka mamaye bakin tashoshin jiragen ruwa suna fitar da farin gari mai araha. Mai niƙan ƙauye ya koma niƙa wa dabbobi, wani ya sa injin tururi ko na mai, har ranar da fiffike ya karye kuɗin gyara suka gagara. Yana sosa mini rai yadda yawanci ba a rubuta wannan rana ba, shi ya sa nake matsa wa mutane su je wurin dattawan gari da wuri, su tambayi abin da iyayensu suka faɗa musu, su roƙi ganin tsofaffin katunan wasiƙa masu hoto.

Kowace shekara da ka rubuta, sa takardar da ka samo ta a gefe, abin da ka ji a baki kuma ka ware shi daban da sunan cewa ji ka yi. In ka kammala, kai kwafi ma'adanar gundumar, ka aika wani ga Mills Archive da ke Reading, inda ake tara tarihin injinan niƙa.