Shirin Kirsimeti a Ikilisiyoyinmu na Sudan: Daga Buhun Dawa Zuwa Sujadar Jajibere

Kwamitin da ya bari sai tsakiyar Disamba kafin ya zauna ya riga ya makara. Waƙa da wasan yara ana iya haɗa su cikin mako biyu, amma hatsi, gawayi da sunayen mabukata ba sa haɗuwa da gaggawa. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, da yawa daga cikin waɗanda ke cika majami'u a Port Sudan, Kasala, Gadarif da Atbara baƙi ne da suka baro gidajensu, don haka tukunya ce ya kamata ta fara shiga lissafi, sauran shiri ya biyo baya.

A fara da kalanda, domin Kirsimeti biyu ake yi a ƙasar nan. Katolika, Angilikan, Firesbiteriyan da ikilisiyoyin mutanen Tsaunukan Nuba suna yi ranar 25 ga Disamba. Kibɗawa da 'yan'uwa na Habasha da Eritiriya suna yin nasu ranar 7 ga Janairu, kuma kafin ranar suna cikin dogon azumi, ba nama, ba ƙwai, ba madara. In za a aika musu da kwano, a aika da wake ko adas (ƙananan wake masu faɗi) da aka dafa da man gyaɗa, a bar naman sai bayan bikinsu. Hutun 25 ga Disamba an cire shi bayan ballewar Sudan ta Kudu a 2011, gwamnatin riƙon ƙwarya ta maido da shi a 2019. Lahadi kuwa ranar aiki ce, hutun mako Juma'a da Asabar ne. Saboda haka bitar mawaƙa da zaman kwamiti a sa su a waɗannan ranaku biyu, sujadar Lahadi huɗu na lokacin jiran zuwan Almasihu kuma a yi ta da yamma in masu aiki sun fi yawa.

Tun farkon Nuwamba dattawan ikilisiya su naɗa mutum biyar ko bakwai, biyu daga ciki lalle 'yan Zumuntar Mata, domin su ne suka san gidan da ba a hura wuta ba. Kada a yi shela daga bagadi cewa mabukata su rubuta suna. Mai baki zai rubuta sau biyu, gwauruwar da kunya ta hana ta magana za ta koma gida hannu wofi. A bi gida-gida mutum biyu-biyu, a rubuta sunan mai gida, yawan bakin da ke ci, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mai ciki ko mai shayarwa, da tsoho mara mai kula. Littafin ya zauna a hannun mutum ɗaya, kada a ɗauki hotonsa a watsa a WhatsApp. A lokacin yaƙi jerin sunaye da unguwanni ba abin wasa ba ne. Maƙwabcin da ba Kirista ba, in yunwa ta kama shi, a sa sunansa. Hausawan da muke zaune da su a nan kusan duk Musulmi ne, kuma takiyyoyin unguwa, wato wuraren girkin sadaka da ke ciyar da jama'a, ba sa tambayar addinin mai kwano.

Lissafin rabo kuwa ga yadda yake. Ma'aunin da masu agaji ke bi shi ne kusan giram 400 na hatsi, giram 60 na wake ko adas, giram 30 na mai da giram 5 na gishiri ga mutum ɗaya a yini. Gida mai mutum shida, na mako guda, zai ci kilo 17 na dawa, kilo biyu da rabi na adas, lita ɗaya da 'yan kai ta mai, da gishiri ɗan ƙulli. Buhun dawa mai kilo 90 ke nan zai ishi gida biyar, ya bar ɗan saura na zubewa. In da malwa, mudun awo na Sudan, ake awo, malwa ɗaya ta dawa ta ɗan haura kilo uku, sai a ba irin wannan gida biyar da rabi. A ƙara sukari, ganyen shayi, busasshiyar kuɓewa da sabulu in kuɗi ya kai. Abin da kwamitoci ke yawan mantawa shi ne kuɗin niƙa da gawayi. Dawar da ba a niƙa ba, sai a tarar an sayar da rabinta a kasuwa don a niƙa sauran. Ko dai a niƙa kafin rabo, ko a haɗa da kuɗin inji. Amma kada a niƙa tun da sauran wata guda, gari ya fi tsaba saurin yin ƙwari.

Lokacin saye yana taimakonmu, domin Kirsimeti na faɗowa ne a kakar dawa ta Gadarif. A sayi hatsi da zarar baiko ya shigo, kada a ajiye fam a akwati yana narkewa. A cusa hannu har tsakiyar buhu a duba danshi da ƙwaro, a jera buhuna kan katako nesa da bango. Wannan ya fi zama dole a Port Sudan, inda ruwan sama ke sauka a Nuwamba da Disamba. Baikon da ya zo ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ya shiga asusun da mutum biyu ke gani, a rubuta shi a littafi a ranar, ba a asusun fasto shi kaɗai ba. Ba zargi ba ne, kare sunansa ne. Bargo ma a sa shi a gaba: sanyin dare a wannan wata yana dukan masu kwana a makarantu da rumfuna fiye da yadda mai ɗaki ke zato.

Rabon ya kasance tsakanin 20 da 22 ga wata, a kai gida, ko a ba kowa takarda mai lamba da sa'ar zuwansa. Ranar bikin kanta ba ranar rabon buhu ba ce, cunkoso zai cinye sujadar.

Sujadar jajibere ta danganta da dokar hana fita ta garin. A tambayi hukuma tun da mako biyu, haka ma in matasa na son zagayen gari da ganga da tutoci kamar yadda aka saba a Bahri (Khartoum ta Arewa), a nemi izini a rubuce. In dokar ta matse, a fara da ƙarfe biyar a tashi kafin duhu. Tsakar dare ba sharaɗi ba ce. Karatu da waƙa suna bin juna: Ishaya 9, Mika 5, Luka 2:1-20, sannan Yohanna 1:1-14. Inda aka haɗu da Hausawa, 'yan Nuba da 'yan Kudu, a raba karatun tsakanin harsuna, wa'azi kuma ya zama da Larabci, a ba mai fassara nassoshin tun kwana biyu. Fassara tana ninka lokaci, wa'azin minti 20 ya zama 40, don haka mai wa'azi ya rage tun daga takarda. Kowace ƙungiyar mawaƙa waƙa biyu, a faɗa musu tun wuri, in ba haka ba za a kai Jibin Ubangiji yara sun yi barci. A yi cajin batir da fitilu masu hasken rana, janareta kuma a waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari ba.

Abincin taro na mutum 200 yana buƙatar kusan kilo 14 na adas, ko ful (manyan wake) da aka jiƙa tun daren jiya, da burodi ko kisra (siririyar wainar dawa). In za a yanka rago, a kira mahauci Musulmi ya yanka, domin maƙwabta su ci hankali kwance, kuma a aika musu nasu kwanon da zafinsa. Tun ɓarkewar kwalara a 2024, ruwa ya fi nama muhimmanci a wannan taro. Ruwan sha da na zoɓo a tafasa shi, ko a sa ƙwayar kulorin yadda aka rubuta a jikin fakiti a jira minti 30. Kada kowa ya tsoma kofinsa a randa, a sa mutum ɗaya da moɗa mai dogon hannu. Buta da sabulu su tsaya a bakin ƙofa, ba kwano ɗaya da kowa ke wanke hannu a ciki ba. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye, salatin ɗanyen ganye a haƙura da shi bana. Yara da tsofaffi su fara ci.

A ware kashi ɗaya cikin goma na hatsin kada a taɓa, domin sabbin masu gudun hijira ba sa duba kalanda kafin su iso. Lahadin farko ta Janairu ma'aji ya karanta wa ikilisiya abin da ya shigo, abin da aka saya da yawan gidajen da suka samu, ba tare da ambaton sunan kowa ba, sannan a tura dattawa biyu su kai gaisuwa cocin Kibɗawa ranar 7 ga wata.