Yadda Ake Zaɓen Robar Ciyar da Macijin Gida

A Amurka da Turai ajiye maciji marar dafi a keji kamar kyanwa ba abin mamaki ba ne. Wanda suka fi so shi ne ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, wadda ake fitarwa daga Ghana, Togo da Benin. Wasu masu kiwon kan ba ta abinci a wata roba daban, don kada ta haɗiye dusar katakon da aka shimfiɗa a kejin tare da ɓeran da ake ba ta.

Da farko duba murfi. Nemi robar ajiyar kaya mai maƙalli a gefe biyu, domin maciji da kai yake tura murfi, ɗan sarari kaɗan ya ishe shi. Sai ka huda ramukan iska da ƙusa mai zafi daga ciki zuwa waje, yadda kaifin ba zai yanke masa hanci ba.

Na biyu girma. Nan mutane ke kuskure, su sayo ƙatuwa suna ganin gata ce. Fili mai faɗi tsoro yake ba shi. Wadda zai naɗe a ciki, ya kuma miƙe wuya ya haɗiye ɓera ba tare da takura ba, ta wadatar. Mai duhun jiki ta fi mai garau. In garau ka samu, rufa mata tawul.

A ƙasanta shimfiɗa jarida kawai. Ɓeran matacce ne daga firiza, ka narkar da shi cikin ruwan ɗumi, kaurinsa kada ya wuce inda macijin ya fi kauri, ka miƙa da hantsaki. Hannun da ke warin ɓera, ɓera ne a wurin maciji.

Maidowa ta fi wuya. Kada ka ɗauke shi da hannu, ciki cike yana iya amai. Karkata robar a bakin keji ya sulale da kansa, ka ƙyale shi awa 48. Wanke robar da ruwan zafi da sabulu marar ƙamshi, kai ma ka wanke hannu saboda ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa.

Ita ƙaramar mesar dai akwai kunya. In ta ƙi ci sau biyu a roba, daina wahalar da ita: sa faranti a kejinta da dare, ɗora ɓeran a kai.