Yadda Ake Ƙarfafa Waifai A Gida Idan Yana Jan Ƙafa

Idan intanet ya yi nauyi a gidajenmu na Kaduna, abin da aka fi yi shi ne a ɗora laifi a kan kamfanin waya, a zare sim a saka wani. Wani lokaci da gaskiyarmu. Amma sau da yawa ɓarawon yana cikin gida.

Tafiya biyu intanet yake yi kafin ya iso hannunka. Ta farko daga turken sadarwa zuwa rautarka, wato akwatin nan mai sim na MTN ko Airtel ko Glo, ko ƙaramar maifai. Ta biyu daga rautar zuwa wayarka, ita ce waifai. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayar aiki, don haka kafin ka kashe ko kwabo, gano wacce ce ta gurgunce.

Ga yadda za ka gane. Tsaya dab da rautar, ka buɗe Speedtest ko Fast.com, wato shafukan auna gudun intanet, ka rubuta lambar da ta fito. Sannan ka shiga ɗakin da ake kuka da shi ka sake gwadawa. Idan kusa da rautar gudu yake, ɗaki kuma yana rarrafe, matsalar cikin gida ce. Idan duka biyun babu daɗi, daga waje take.

Ta wajen ba ta da dogon bayani. Duba ko datarka ta ƙare, ko ka wuce ƙa'idar da ake rage gudu a tsarin da ake kira marar iyaka. Kai rautar bakin taga ɓangaren da turken yake, ka lura da fitilun sabis. Gwada da asuba, ka gwada bayan isha'i. Idan da dare kawai yake nauyi, cunkoso ne a turken unguwa, kuma a nan ne canza layi yake da ma'ana. Layin da ke tashi a Barnawa ba lallai ya yi kataɓus a Rigasa ba, saboda haka ari sim ɗin maƙwabci ka gwada kafin ka saya.

Ta cikin gida kuwa, mazaunin rauta ne kusan komai. Gininmu na bulo da siminti ne, ga rodi a cikin rufin kankare, ga ƙofofin ƙarfe, ga ƙarafan taga. Duk waɗannan suna cinye sigina. Ruwa ma haka, shi ya sa ajiye ta kusa da duro ko tanki asara ce. A ɗauke ta daga ƙasa, daga bayan talabijin, daga saman firij, a ɗora ta a sama kamar tsayin kai, a wurin da ya fi zama tsakiyar gida. Idan tana da eriya, a miƙar da su tsaye. Na sha shiga gida na tarar an lulluɓe rauta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, ko an kulle ta a durowa saboda yara. Niyyar mai kyau ce, amma na'urar zafi take ɗauka, ballantana a watan Maris da Afrilu. A bar ta ta sha iska, a riƙa goge ta kawai.

Daga nan sai saiti. Juya rautar, za ka ga adireshinta a jikin takardar da ke manne, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ka shiga. Rautoci da yawa suna da zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 5 ya fi gudu amma bango ɗaya ko biyu ya ishe shi ya galabaita, na 2.4 ya fi nisa da ratsa gini. Mai zama falo ya hau 5, mai ɗakin ƙurya ya hau 2.4. A gidan haya na Tudun Wada ko Kawo inda kowane ɗaki da rautarsa, tashoshin 2.4 karo suke da juna, sai ka zaɓi tasha ta 1 ko 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna. Gwada kowacce ka ga wadda ta fi.

Tun da ka shiga, leƙa jerin wayoyin da ke kai. Nan ne ake shan mamaki. Wayoyin Android na yanzu suna raba waifai da hoton QR, yaro ɗaya ya isa ya raba wa duk majalisar ƙofar gida. Canza kalmar sirri, ka sa doguwa, tsaron ya kasance WPA2 ko WPA3. In kana son yi wa maƙwabta alheri, buɗe musu layin baƙi daban.

Wuta ma tana da nata. Duk ɗaukewar NEPA rautar sai ta sake neman sabis daga farko. Ƙaramin batirin rauta yana magance wannan. Cajarta kuma idan ta ƙone, a nemo mai ƙarfi daidai da abin da aka rubuta a jiki, galibi bolt 12, ba duk wadda bakinta ya shiga ba.

Sai bayan duk wannan ake maganar saye. A shagunan kwamfuta na titin Ahmadu Bello za a nuna maka ƙaramar na'ura mai maimaita sigina. Tana taimakawa, amma takan rage gudu kusan rabi, kuma ba a kai ta ɗakin da sabis ya mutu, tsakiyar hanya ake sa ta inda yake da sauran ƙarfi. Ni dai na fi yarda da jan waya, wato kebul. Wayar intanet irin Cat6 tana kai mita 100 ba tare da ta gaza ba. Ka bar rautar mai sim a bakin tagar da ta fi samun sabis, ka ja waya zuwa sashen iyali ko bene, ka haɗa rauta ta biyu a can. Idan wayar za ta ratsa tsakar gida, a zura ta cikin bututun roba saboda rana da damina.