Sabon zuwa Ikko, kada ka guji jar miya

Ɗan'uwa, sannu da hanya. Masauki da sana'a akwai masu nuna maka, ni maganar abinci zan yi, don na ga yadda samarinmu ke komawa bayan wata biyar ko shida a garin nan: fata ta dushe, fuska ta yi toka-toka, sai a ɗora wa ruwan Legas laifi. Ruwan na da nasa, gumi da danshin garin ma suna kawo ƙurajen zafi da kyasbi, waɗanda maganinsu wanka ne da kaya marasa nauyi da zuwa kemis ko asibiti. Amma ka duba abin da yaron ke ci. Da safe shayi da burodin Agege, da rana garau-garau, da dare Indomie wurin mai shayi. Duk fari ne, babu ja, babu kore.

Launin da kake gani a karas da kabewa da mangwaro da gwanda, wasu sinadarai ne ke kawo shi, masana na kiransu karotinoyid. Jikin mutum ba ya haɗa su, sai dai a ci. Mafi shahara a cikinsu shi ne bita-karotin, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A, kuma da bitamin ɗin nan fata ke sabunta kanta. Idan ya yi ƙaranci fata ta bushe ta yi kaushi, ido kuma ya fara dundumi. Na tumatir da kankana sunansa laikofin, ba ya zama bitamin A, amma yana taruwa a fata ya rage ɓarnar da hasken rana ke yi mata. Ganye irin zogale da alayyafo su ma cike suke da su, korensu ne kawai ya rufe launin.

Abin da ke ba ni dariya, kayan nan namu ne. Ka je kasuwar Mile 12 da asuba ka ga tireloli na sauke tumatir ɗin Kadawa da Danja, da tattasai da karas na Jos da Zariya. Mu ne masu nomawa da saukewa da turawa a baro, sannan Bayarabiya ta saya ta yi miya, mu kuma mu tafi shan shayi.

Manja shi ne inda sabon zuwa ya fi tirjewa. A gida man gyaɗa muka saba da man shanu, to ganin miya ja wur mai na yawo a kai sai mutum ya ce cikinsa ba zai ɗauka ba. Alhali jan manja yana cikin abincin da ya fi kowane bita-karotin, ya ma ɗara karas nesa. Sharaɗin shi ne a bar shi da jansa. Idan aka ƙona shi har ya yi hayaƙi ya washe, kamar yadda ake yi wa miyar ofada, shinkafar Yarbawa, amfanin nan ya bi hayaƙin, ɗanɗano ne kawai ya rage. Ka kuma sayi naka wurin wanda ka yarda da shi, domin akwai masu zuba rini don ya ƙara ja. Cokali ɗaya ko biyu a tukunya ya wadatar, mai ne, ba ruwan sha ba.

Sinadaran nan a cikin maiƙo suke narkewa, hanji ba ya tsotsarsu sosai sai da ɗan mai. Shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli ya fi dafaffen ganye gaya, shi ya sa kuma tumatir ɗin da aka dafa da mai ya fi ɗanye ba jiki laikofin. A Jamus, a 2001, an gwada ba mutane giram 40 na markaɗaɗɗen tumatir irin na gwangwani da ɗan man zaitun kullum, bayan mako 10 jan da rana ke sa wa fatarsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Turawa ne aka gwada, fatarmu ta fi tasu jure rana. Amma ka lura da mako goman nan, abin ba na kwana uku ba ne. Kuma ɗan dako ko ɗan ga-ruwa da ke wuni a rana, miya ba za ta maye masa gurbin malafa da inuwa ba.

A buka, wato rumfar mai abinci, ka nemi efo riro, miyar ganye ce da manja. Ewedu kuwa lalo ne, wanda ka sani tun kana yaro. Ganyen ugu na Ibo ma ka saba da shi. Idan naman ne ke sa ka shakka, Agege da Idi-Araba da Obalende cike suke da masu abinci namu, ko ka ce a zuba maka miya ba nama. Ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa da Inna ta haɗo maka ka ci abinka, sai dai duk ganyen da aka shanya a rana ya yi asarar rabo mai yawa na sinadaran, don haka ka riƙa haɗawa da ɗanye.

Wanda ya dage da karas ko manja kullum zai iya ganin tafin hannunsa da na ƙafa sun yi ruwan ɗorawa. Ka duba farin ido. In yana nan fari, launin abincin ne ya fito, zai tafi da kansa idan an rage. In idon ma ya yi ɗorawa, wannan shawara ce, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba.

Ƙwayoyin bita-karotin da ake tallatawa da sunan gyaran fata, ka bar kuɗinka a aljihu, musamman in kana shan taba. Babban gwajin da aka yi a Finland, wanda sakamakonsa ya fito a 1994, ya nuna masu shan sigari da aka ba ƙwayar sun fi kamuwa da kansar huhu. Ba a ga haka ga masu cin karas da ganye ba. Kuɗin kwalba ɗaya zai saya maka gwanda da kankana wurin 'yan'uwanmu masu yankawa a bakin titi har na tsawon kwanaki, kuma daga watan Maris mangwaro zai fara shigowa.