Yadda zaka fara tara kan sarkin Kataloniya wanda gidan waya bai san da zamansa ba

Toh da farko dai mu fahimci juna, abun da nake magana a kai ba kan sarki bane na gaske irin wanda zaka manna a ambulan wasiƙa ta tafi. Kamarsu ɗaya, ga haƙora a gefe ga danko a baya wani ma harda farashi a jiki, amma gidan waya bai buga shi ba kuma baya biyan kuɗin aike. Turawa masu tara kan sarki suna ce masa sindarela, daga tatsuniyar nan tasu ta yarinyar da aka bari a madafa ƴan uwanta suka tafi biki, mu dai a wajenmu ƴar bora kenan. Su kuma mutanen Kataloniya, yankin Sifaniya da Basalona take babban birninsa, vinyeta suke cewa, ka riƙe kalmar nan don da ita zaka yi cefane.

Shawarata ta farko kar ka ce komai zaka tara, wallahi aljihunka zai faɗa maka gaskiya. Zamani biyu ne manya, zaɓi ɗaya.

Na farko shine wajen 1899 zuwa 1900. A 1898 Sifaniya ta sha kashi a hannun Amurka ta rasa Kuba da Fotoriko da Filifin, gwamnatin Madrid ta ƙara haraji don cike giɓi, ƴan kasuwar Basalona kuma suka ƙi biya a 1899 har magajin garin Bartomeu Robert ya ajiye muƙaminsa. Cikin wannan ɗumin ne ƙungiyar Unió Catalanista, ta masu kishin Kataloniya, wadda aka kafa tun 1891, ta dinga buga nata kan sarkin, mutum ya manna na gwamnati ya biya kuɗin aike sannan ya manna nasu a gefe ko a bayan ambulan, kaga saƙo biyu a wasiƙa ɗaya, kuɗin kuma ya shiga asusun ƙungiya. Abunda zaka fi gani a jiki shine Sant Jordi waliyyinsu yana soke dodo, da kuma layukan nan ja guda huɗu na tutarsu. Duk ɗan Barca ya san su ko bai sani ba, ɗauko rigarka ka duba tambarin, kuros ɗin Sant Jordi na hagu a sama layukan ja da rawaya na dama. Zane ɗaya sai ka same shi kala kala, shi yasa wannan layin yake da daɗi ga mai farawa, sai kayi ta bin launuka a hankali. Masu sayarwa da yawa zaka ga sun rubuta Nathan da lamba, lambar kundin wani mai bincike ce da ya jera irin waɗannan, da ita zaka gane ko kana da shi ko babu.

Na biyu, kuma nan ne ni na maƙale, yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939. Nan fa kowa ya zama gidan waya a gidansa. Ƙungiyoyin ƙwadago CNT da UGT, jam'iyyu irin su PSUC da POUM, ƙungiyoyin agaji, ga kuma majalisun garuruwa har da ƙauyukan da sai ka sha wuya kafin ka gano su a taswira, duk suna bugawa, galibi na santim 5 ko 10, don ƴan gudun hijira ko yara ko asibiti ko kayan yaƙi. In kaga an rubuta Pro Refugiats toh na ƴan gudun hijira ne.

Ga inda abun yake ban sha'awa. Wata rana na sayi wani ɗan ƙarami an rubuta Pins del Vallès a jiki, nayi ta nema a taswirar waya babu gari mai wannan sunan, har na fara cewa an damfare ni, ashe garin Sant Cugat del Vallès ne, lokacin yaƙin masu juyin juya hali suka bi garuruwa suna cire sunayen waliyyai. Sant Boi ya koma Vilaboi, Sant Feliu de Llobregat ya koma Roses del Llobregat, Sant Adrià de Besòs ya zama Pla de Besòs. Da sojojin Janar Franco, wanda ya ci yaƙin, suka shiga Basalona ran 26 ga Janairu 1939 aka maida tsofaffin sunaye, aka kori harshen Katalan daga harkar hukuma, kenan wannan ƴar takardar da bata kai babban yatsa ba tana ɗauke da sunan garin da bai wuce ƴan shekaru a duniya ba. Ni yanzu irin waɗannan kawai nake bi.

Akwai wasu da zasu ruɗe ka, na majalisar birnin Basalona da aka fara a 1929 don biyan bashin baje kolin duniya da suka yi a shekarar. Su a lokacin dole ne a manna a wasiƙa, hukuma ta san dasu, suna cikin Edifil ma, kundin kan sarkin Sifaniya, toh ka ware musu shafinsu daban.

Kayan aiki ba yawa, albam mai aljihunan roba, hantsaki mai faɗin baki don kar ka dinga taɓawa da yatsa maiƙo yana bin takarda, da gilashin ƙara girma. Kar ka kuskura ka sa gam ko salatif. In damina ta kama kuma ka kula da laima, danko yana narkewa ya manne da shafi, na taɓa rasa guda shida haka don na bar albam a kwance ƙarƙashin littattafai, ajiye shi a tsaye kana buɗewa lokaci lokaci ya sha iska.

Wajen saye, a Basalona duk safiyar Lahadi masu kan sarki da tsofaffin kuɗi suna baje kaya a dandalin Plaça Reial, amma mu da muke nesa sai intanet, Todocoleccion da Delcampe da eBay. Rubuta vinyeta ko viñeta ka haɗa da sunan gari. Kuɗin aiko kaya sau da yawa yafi kuɗin kayan, saboda haka ka tara da yawa wajen mutum ɗaya ya turo maka lokaci guda, kuma fara da tarkacen da ake sayarwa a dunƙule, a nan idonka zai waye.

Sai maganar jabu, kuma tana da yawa a layin yaƙin basasa, wasu ma tun a lokacin an buga su ne don masu tarawa kawai basu taɓa hawa wasiƙa ba. Kullum ka nemi hoton baya, takardar da ta shekara sama da 80 bata cika yin fari fes ba, sannan in ka kara gilashi kaga launin ɗigo ɗigo ne warwatse irin na firinta toh wuce abunka. Wanda yafi kowanne shine wanda yake kan ambulan ɗinsa, hatimin gidan waya ya hau kansa ya kuma taɓa ambulan, ga sunan gari ga kwanan wata. In ka dace da irin wannan don Allah kar ka jiƙa shi a ruwa wai zaka ɓare, ka sa ambulan ɗin gaba ɗaya a leda mara danko, ka rubuta sunan garin na da da na yanzu a wata takarda daban da fensir ka ajiye kusa dashi.