Yadda Ake Gane Dalilin Kwanciyar Ruwa a Bututun Motar Kwana

Wanda ya haska tocila a cikin magudanar sinki ko ta shawa a motar kwana, wato motar da aka tanadar wa gado da kicin da bayan gida don tafiye-tafiye, zai hango ruwa kwance a ƙasa ko da an yi sa'o'i ba a buɗe famfo ba. Wannan ruwan ba alamar toshewa ba ce. A ƙarƙashin magudanar akwai bututu mai lanƙwasa kamar harafin U, wanda aka ƙera da gangan domin ya riƙe ruwa mai zurfin santimita 5 zuwa 10, kuma shi ne yake toshe wa warin tankin ƙazanta hanyar shigowa ɗaki. Idan motar ta daɗe a ajiye ruwan ya bushe, ko kuma girgizar hanya ta zubar da shi, sai a ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Maganinsa bai wuce a zuba kofi biyu na ruwa a kowace magudana ba. Wasu motocin ba su da wannan lanƙwasa sam, domin an sa musu bawul mai robar da ke buɗewa idan ruwa ya zo, ta rufe bayan ya wuce. A irin waɗannan, bai kamata a ga ruwa kwance ba.

Abin damuwa shi ne ruwan da ya hau sama har ya taru a sinki ko a daɓen shawa, ko wanda yake tafiya da ƙyar yana ƙarar kurɓa. Ruwa ba ya tsami banza, amma kafin a ɗauko sufana a fara da abin da ba ya buƙatar kwance komai.

A fara duba tsayuwar motar. Ana shimfiɗa bututun magudana ne da 'yar gangara, kimanin santimita 2 a kowace mita, saboda haka idan aka faka motar a wurin da ya karkata kaɗan saɓanin gangarar, gangarar ta ɓace ke nan, ruwa kuma ba ya hawa tudu. A ɗora ma'aunin magina mai kumfar iska a daɓen motar, a auna ta tsawon motar da ta faɗinta, sannan a sa katako ƙarƙashin tayoyin ɓangaren da ya yi ƙasa. A ganina wannan ne dalilin da aka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi sauƙin gyara.

Daga nan sai tanki. Yawancin motocin suna da tankunan ƙazanta guda biyu: na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Idan na farkon ya cika, ruwan yana fara ɓullowa ne ta shawa, domin ita ce magudana mafi ƙasa, har mutum ya wanke kwano a kicin ya tarar da kumfar sabulu da ɓurɓushin abinci a inda yake wanka. Kada a dogara da fitilar da ke nuna cikar tanki, saboda maiƙo da datti suna manne wa na'urar aunawar, ta riƙa ba da labarin ƙarya. Wajen zubarwa, a fara da tankin bayan gida, sannan na wanka ya biyo ya ɗauraye tiyon da ake zubarwa ta cikinsa. Shi ma tiyon a tabbata bai yi ciki a tsakiya ba.

Idan motar a daidaice take kuma tanki ba komai a cikinsa, to matsalar iska ce ko toshewa. Kowane tanki yana da bututun shaƙar iska da ya fita ta rufi, kuma idan ganye ko gidan zanzaro ya toshe shi, iskar da ke cikin tankin ba ta samun mafita, ruwa ma ba ya samun shiga. Idan magudana ɗaya ce kawai take gardama, a ajiye bokiti a ƙarƙashin lanƙwasar, a kwance mahaɗanta biyu da hannu, a cire gashi da daskararren maiƙo, a mayar da robobin mahaɗan yadda suke. A guji sinadaran buɗe bututu masu ƙarfi, domin suna iya cinye robar bawul ɗin tanki.

Akwai lokacin da ruwan lanƙwasar da kansa yake zama haɗari, wato inda sanyi ke kai wa ga daskarewa. Ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara, wanda ya isa ya tsaga bututun roba. Kafin a ajiye motar a irin wannan yanayi, a zubar da tankunan duka, sannan a zuba maganin hana daskarewa na musamman ga motocin kwana, wanda galibi ruwan hoda ne, a kowace magudana har ya maye gurbin ruwan da ke cikin lanƙwasar. Kada a yi amfani da wanda ake zuba wa lagireton inji, domin guba ne.